Ba Muryar Nake Wa Kuka Ba

Zuwa ga maigidana, sanyin idona, ruwan farkon daminata, inuwar da na fake a ƙarƙashinta tun ina kitson 'yan mata har furfura ta gama da kan. Gaisuwa mai yawa, da fatan ka tashi lafiya, kuma kana shan maganinka, don na san halinka.

Na ɗauki biro ne saboda waya ba ta da amfani tsakaninmu yanzu. Tun da likitoci suka yi maka aiki a maƙogwaro, maganarka ta koma hannu da ido. Idon nan kuwa da nake karantawa, ka ɗauke shi ka kai Kafur, gidan ƙanenka Hussaini. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne.

Hussaini ya kira ni, ya ce ka nuna masa ba za ka dawo ba. Wai ranar Juma'ar nan da ka shigo daga masallaci, ka tarar ina tsince wake, rediyo na sa tsohuwar waƙarka ta manoman auduga, ni kuma hawaye har wuya, sai ka gane muryarka nake wa makoki. Wai ba za ka zauna gabana kamar fasasshiyar ganga ba. Haba, Malam! Da tsufanka da wayonka?

Muryar nan ai ba tawa ba ce, ta jama'a ce. Ban musa zaƙinta ba: siririya, tana hawa sama kamar hayaƙin girkin safe, ba ta karyewa. Na ga masu shayi a Funtua suna juya garmaho, mutane sun tsaya cak da kaya a ka. Na ga ranar da aka fara sa ka a rediyon Kaduna, unguwarmu ta taru a ƙofar mai akwatin rediyo, tsofaffi na leƙa bayansa suna neman inda ka ɓuya. Kowa ya ɗebi rabonsa. Ni nawa rabon jira ne. Ka tafi Kaduna, ka tafi Ikko, faifai ya riga ka isowa Bakori, kai kuma sai masara ta bushe.

Wanda na aura daban ne. Ka tuna ranar da na zo kasuwar Funtua daga ƙauyenmu, ruwa ya tsare mu a rumfar mai gishiri? Mura ta shaƙe ka, ko sallama da ƙyar ka yi. Ka tuɓe babbar rigarka ka lulluɓe garin da na niƙo don kada ya jiƙe, ka tsaya kana rawar ɗari, kana ta yi mini atishawa. Ban san kai ne mai waƙar ba sai da manyanka suka zo gidanmu. Marar murya na fara so, yau kuma kake guduna don ba ka da ita.

To, bari in faɗa maka abin da kunya ta hana ni faɗa. Waƙar auduga a Ikko ka yi ta, a watan da ƙyanda ta kwantar da 'yarmu ta fari. Kana can ana ɗaukar muryarka, nan ana haƙa mata ɗan kabari. Ka dawo da faifai a jaka da 'yan kunne ƙanana a aljihu. Ita kuwa 'yar fari ce, an ce uwa ba ta kiran sunanta, ba ta mata kuka a gani, sai na haɗiye. Tun daga nan, duk aka sa waƙar, ɗaki nake shigewa, ko in ce hayaƙi ne ya shiga mini ido. Ranar nan ce kawai ban tashi da wuri ba, ka riske ni. Fiddausi nake wa kuka, Malam. Ka gani, na rubuta sunanta, ba abin da ya same ni.

Gidan nan ya yi wani shiru da ban san shi ba. Shirunka kana nan daban ne, yana da motsi: ƙwanƙwasa cokali a kwano in kana son ruwa, jan takalmi a tsakar gida, harara in gishiri ya yi yawa a miya. Wa zan yi wa tsiya yanzu? An fara karyar masara, wa zai zauna gindin ɗorawa yana nuna wa 'yan ƙwadago kuskurensu da sanda? Kullum sai na zuba tuwo kwano biyu, in mayar da ɗaya tukunya. Wallahi zuciyata ta gaji, hasken raina, ban iya zama ba kai ba.

An kira sunanka a rediyo, a tashar mota, a gidajen biki, yara ma da ba su san fuskarka ba sun kira. Ni kaɗai ban taɓa ba, daga Malam sai maigida. Kunyar nan ta hana ni kukan 'yata, yanzu kuma tana neman raba ni da mijina ina kallo. Ba zan bari ba.

Jibo, ka dawo gida. Ba sai ka amsa ba.

Taka ce, ba ta da wani sai kai, daga nan har ƙasa ta rufe mata ido,

Lauratu
Bakori