Hoton Karina a Daren Nyepi

Denpasar, 2 ga Maris

Yayana Bli Artawan,

Om Swastiastu. Da fatan kana lafiya, ya aikin jirgin ruwa? Iyayenmu, Bapa da Meme, suna gaishe ka.

Tun da na gama jami'a nake ƙoƙarin ɗaukar hoton gajimaren taurari na Karina da madubin hangen nesan da ka bar mini a rumfar da ke bayan gidanmu. Sabon otal ɗin da ke maƙwabtaka da mu ya kafa fitilu a kan katanga, duk suna haska sama. Ko na sa matatar haske, hoton jajawur yake fitowa kamar ruwan shayi. Na je na roƙi manajan, ya ce baƙi tsoron duhu suke.

Ga babbar damuwar: Bapa ya ce bayan Nyepi, ranar shirun sabuwar shekara, zai rushe rumfar ya gina ɗaki. Wai, "Wata nawa kina ɗaukar hoton hayaƙi?" Saura mini daren Nyepi kaɗai, da za a kashe kowace fitila a Bali. Amma ranar ba a kunna wuta, ba a aiki, kuma Bapa yana cikin pecalang masu sintirin unguwa. Injin da ke juya madubin, aiki yake ko ba aiki ba? Na kasa barci.

Ƙanwarka,
Kadek Sariasih

*

Tashar jirgin ruwa ta Piraeus

Dek,

Lafiya lau. Kai, yarinyar nan da tsoro! Inji ne zai yi aikin, ke zama kawai za ki yi. Lulluɓe kwamfutar da bargo. Bapa yana can bakin titi yana tare turawan da suka fito, ina zai gan ki? Turo min hoton in nuna wa abokan aikina, sun ɗauka ƙarya nake da na ce ƙanwata tana ɗaukar hoton taurari.

Gaishe min da Meme.

Artawan

*

Denpasar, kwana biyu bayan Nyepi

Bli,

Om Swastiastu. Na bi shawararka, ga sakamakon.

Ban taɓa ganin sama haka ba. Babu girgije ko ɗaya. Na lulluɓe kwamfutar, na saita komai, amma na manta da ɗan koren hasken da ke jikin batir. A duhun nan Bapa ya hango shi tun daga ƙofar gida. Ya shigo ya zare wayar batirin. Ban ɗauki ko hoto ɗaya ba, Bli.

Na ce, "Bapa, inji ne fa."

Ya ce, "To injin ma ya huta. Ni da nake sa mutane kashe fitila, a gidana za a ga haske?"

Na zauna a ƙasa ina kuka. Bai koma sintiri ba. Can ya ce, "Ina hayaƙin naki?" Na nuna masa kudu, kusa da taurari huɗun nan masu siffar gicciye. Da idonsa kawai ya gan shi. Ya daɗe a tsaye.

Jiya ya gaya wa Meme a bar rumfar sai Nyepi na baɗi. Na tambaye shi ko a lokacin zai bar ni in kunna injin. Ya ce a'a.

Sai na ji daga gare ka.

Kadek

*

Dek,

Lafiya lau. Na nemi hutu a Maris na baɗi. Ni zan tsare Bapa da hira a bakin titi. Ke dai ki manna baƙin tef a kan batirin nan.

Artawan