Bencinan Jirgin Mai Fito

Litinin, 3 ga Maris

Yau wata biyu da sati ɗaya da tafiyar Maigidan. Suna can ƙasar mutane suna ƙera manyan jirage, ni ina nan ina ƙirga kwanaki kamar wadda aka ba aikin.

Shugaban masu rumfunan bakin ruwa ya aiko. Wai duk rumfar da ta cika wata uku a rufe za a ba wani. Baba, surukina, ya ji saƙon, amma tsufa ya riga ya hana hannunsa aiki. Shi ya kafa rumfarmu ta aikin jirage da kansa tun kafin a haifi mijina.

Laraba, 5 ga Maris

Na karɓi makulli wurin Baba na je in share, ko a ga ƙofa a buɗe. Rigar aikin Maigidan tana nan a ƙusa inda ya rataye ta. Ban taɓa ba. To, na taɓa.

A jikin bango ga fararen allunan roba guda huɗu, irin na jirgin ruwa, waɗanda ba sa ruɓewa ba sa shan ruwa. A kansu Maigidan ya yi ta gardama da Baba kafin ya tafi. Baba ya ce abin da ba shi da ƙamshi ba shi da jijiya ba abin sassaƙa ba ne, farantin yanka albasa ne ya girma.

Alhamis, 6 ga Maris

Mai Fito ya ga ƙofa a buɗe ya shigo da saurinsa, yana zaton Dogo ne ya dawo. Haka suke kiran mijina a bakin ruwa. Da ya ga ni ce sai fara'arsa ta ragu, ni ma tawa.

Bencinan jirginsa sun ruɓe. Shekaranjiya ɗaya ya karye da wata mai goyo, Allah ya kiyaye ba ta ji ciwo ba. Masu duba jirage sun ba shi zuwa ƙarshen wata. Ya ce allunan nan don shi aka kawo su, har an yi awo.

Na ce ni tela ce. Ya ce ai tela ma awo yake yi ya yanka. Wasa yake yi. Na dawo gida da maganar a raina.

Asabar, 8 ga Maris

Na juya allo na farko sai ga rubutun Maigidan. Akwai wata siririyar leda da ke lulluɓe da allon, a kanta ya rubuta awon benci shida. Bakwai ɗinsa mai kama da ƙugiya. A ƙasa ya sa: "a tambayi Mai Fito tsawon na baya."

Na zauna a ƙasa na karanta lambobi kamar wasiƙa. Na ɓare wajen rubutun a hankali, na naɗe, na sa a akwatin zarena.

Talata, 11 ga Maris

Na faɗa wa Baba zan gwada. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce zarto ba almakashi ba ne, 'yata. Da safe sai na tarar ya riga ni zuwa, yana zaune a bakin rumfa da sandarsa, wai iska ya fito sha.

Fensir ba ya kama allon, allin ɗinkina ma zamewa yake yi. Sai da na manna tef na takarda na ja layi a kai.

Alhamis, 13 ga Maris

Yanka na farko. Na danna zarton lantarki da ƙarfi don tsoro, bakin allon ya narke ya dunƙule kamar kyandir. Baba ya ce haƙoran sun dakushe, kuma ina tura shi kamar ina bin ɓarawo. Ya nuna mini yadda ake canza su, da baki, don hannun ba ya yi masa biyayya.

Na biyu ya fita sumul. Ɓarɓashin fari ya cika mini mayafi da gashin ido. 'Yata Auta da ta dawo daga makaranta ta ce Umma ta tsufa rana ɗaya.

Juma'a, 14 ga Maris

Maigidan ya kira. Layin yana ta yankewa. Na ji lafiya lau, na ji sanyi ya yi yawa a can, na ji "Auta". Ban faɗa masa zancen rumfa ba. Minti huɗu ne, ban so in ɓata su a kan benci.

Laraba, 19 ga Maris

Benci uku sun hau jirgi. Gam ba ya kama wannan allo, fenti ma haka, sai dai a huda a ɗaure da noti irin wanda ba ya tsatsa. Na ɗaure su tamau har tafin hannuna ya yi kanta. Mai Fito ya hau ɗaya ya yi tsalle. Ya ce da ya san haka ne da tuni ya kawo mini wandonsa ma.

Ina dawowa na yi ta shirya yadda zan ba Maigidan labari. Har na zaɓi inda zan tsaya ya yi dariya.

Asabar, 22 ga Maris

Sun lanƙwashe. Duka ukun.

Rana ta buge su kwana biyu, tsakiyar kowanne ya kumbura sama kamar bayan kunkuru, ɗaya har ya tsage a wajen noti.  Masu rumfar gefe sun zo kallo. Wani ya ce a bar wa kowa sana'arsa, da murya daidai yadda zan ji.

Baba ya shafa tsagar da yatsa ya ce katako bai taɓa yi masa haka ba. A hanyar gida kuma ya ce jirginsa na farko nutsewa ya yi a gaban iyayen budurwarsa. Ban san gaskiya ne ko lallashi ba.

Allo ɗaya da rabi ya tafi. Kwana tara suka rage.

Lahadi, 23 ga Maris

Ni na kira Maigidan, abin da ban saba ba. Yana ɗauka ya ce wa ya rasu. Na faɗa masa komai, rumfa, Mai Fito, bencina. 

Sai ya ce, "Ke kika kunna zarton?"

Na ce ni ce.

Ya yi dariyar nan tasa ta cikin hanci. Ya ce allon yana miƙewa in ya ji zafi, yana komawa in ya huce. Ramin noti sai ya fi notin faɗi, kuma kar a matse shi har wuya, a bar masa wurin motsi. A ƙara masa madogara a ƙasa, kusa da kusa, don ba shi da ƙashin bayan katako.

Na sa ya maimaita sau biyu. Na gane tun farko. Muryar nake so.

Baba yana bakin ƙofa yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Da na ajiye waya ya ce, "Ya tambaye ni?" Na ce ƙwarai, kai ya fara tambaya. Allah ya yafe mini, layin ne ya yanke kafin ya kai nan.

Laraba, 26 ga Maris

Huda, huda, huda. Kafaɗata kamar ba tawa ba.

Juma'a, 28 ga Maris

Baba ne ya ce gefen bencin yana da kaifi, zai ci cinyar mutane. Ya ɗauko magagarinsa daga gida, wanda ba ya ba kowa aro, ya sa na goge gefunan. Na lura yana shafa allon da bayan hannu lokacin da yake zaton ba na kallo. Har yanzu dai farantin albasa yake ce masa.

Litinin, 31 ga Maris

Masu dubawa sun zo, sun zauna a kan kowane benci, sun leƙa ƙasa, sun sa hannu a takarda. Shugaban rumfuna ya wuce ya ɗaga mini hannu, bai ce komai a kan makulli ba.

Mai Fito ya ce lallai sai na shiga an haye da ni. Na zauna a bencin baya. Mata da kwanduna sun cika jirgi, ba wadda ta san wa ya yi abin da take zaune a kai. A tsakiyar ruwa na juya zan ce wa Maigidan ka gani, sai na tuna ba ya nan. Wata tsohuwa ta ce ko jiri nake ji. Na ce e.

Juma'a, 11 ga Afrilu

An ƙara wa su Maigidan shekara guda a can. Ya ce dama ce, ba a ƙin ta. Na ce haka ne, Allah ya sa albarka. Na faɗa da murya mai kyau ƙwarai.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ban fita ba. Na ce wa Baba kaina ke ciwo. Ya ce shi ma.

Talata, 15 ga Afrilu

Shekara. Na gwada ƙirgawa na bari.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na kwana biyu ban rubuta ba, aiki. Murfin akwatin kifi guda biyu, ƙofar ɗakin inji ɗaya, yanzu kuma wani masunci ya kawo matakalar jirginsa. Ya tambayi yaushe Dogo zai dawo. Na ce sai baɗi, ya kawo ta Litinin da safe, kuma kar ya wanke ta da man inji kafin nan.

Jiya na rage wa teburin aiki ƙafafu, yatsa huɗu. Ya yi mini tsawo, bayana yana ciwo, shi ke nan dalili. Baba ya ga guntayen a ƙasa, ya ture su da sanda zuwa gefe, ya ce a share kar wani ya taka.

Ban faɗa wa mai teburin ba tukuna. In ya dawo sai ya riƙa sunkuyawa kaɗan.