Ɗan Sai-an-tura da Kwanar Giginya

Malam Wakili, assalamu alaikum. Don Allah ka agaje ni da shawara kafin ran kasuwa mai zuwa, don kaina ya ɗaure, kuma kan nawa dama ba wani babba ba ne. Ka yi haƙuri da rubutuna. A firamare na tsaya, ita ma don malamai sun gaji da ganin fuskata ne suke miƙa ni aji na gaba.

Ni mutumin Kamarawa ne. Lokacin farin shekarar tamanin da huɗu ina saurayi. Gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, gulbi ya ƙafe har yashi ya fito fari fat. Manya sunka tafi cin rani, wasu sunka zauna jiran jar dawar agaji. Mu masu ɗaukar kaya a mashin zuwa bakin iyakar Nijar aiki ya tsaya mana, don ba abin ɗauka. Shi ne munka mai da cikin gulbin filin tsere. Malam, yunwa muke ji, amma ban ƙara yin dariya irin ta shekarar nan ba. Wanda ya ci tsere zakara ake ba shi, irin zakaran da in ka fige shi sai ka ba shi haƙuri.

Ga yadda muke tashi. A jera mashina duk a kashe, kowa ƙafarshi bisa kik. Wani tsoho mai facin taya, Baba Sodangi, Allah ya jiƙanshi, sai ya cire hularshi ya jefa sama. Tana taɓa ƙasa kowa ya buga. A miƙe sai wani kututturen giginya, a karya kwana hagu, a bi gaɓa a dawo. Wurin giginyar nan ƙasa mai tauri faɗinta bai wuce tabarma ba, saura duk yashi ne mai haɗiye taya. Ka ga taron samari kowa na son tabarma guda a lokaci guda.

Nawa mashin tsoho ne tukuf, a Maraɗi na samo shi, kuma ina jin mai shi ya yi sadaka ran da ya rabu da shi. Ba ya tashi sai 'yan kallo sun tura. Shi ya sa anka sa mini Sai-an-tura. Ana jefa hula kowa ya ɓace cikin ƙura, ni ina nan ina lallashinshi kamar jaki a bakin kwalbati. Amma in na iso giginya sai in iske jama'a zube, wanga na neman takalmi, wancan na tofar da yashi. In yi musu sannu da aiki, in raɓa ta gefe in wuce. Da haka na ci zakarun da ban san adadinsu ba. Matata Tasalla ma a bakin gaɓa ta fara ganina. Ta ce duk cikin mahaukatan ni kaɗai ke komawa gida da riga mai tsabta.

Rannan wani bakanike ya wanke mini kafireto ya canza fulogi. Hula na taɓa ƙasa mashin ya tashi da bugu guda, don mamaki har na kusa faɗuwa. Na ga fili gabana, daɗi ya kwashe ni, na murɗa totur har ƙarshe. Ni da ban taɓa isa giginya da gudu ba, ina na san inda ake taka birki? Tayar gaba ta nutse, masu biye da mu sunka bi ta kanmu, ni da na gefena, ɗaya bayan ɗaya. Na bar haƙora biyu wurin, kafaɗata ta sha hannun maɗori. Abokina Kalilu, da muke kafaɗa da kafaɗa muna rigegeniyar tabarmar, ƙafarshi ta shiga ƙarƙashin mashinan. Har yau da sanda yake zuwa masallaci. In ina ba da labarin tseren a majalisa, wanga wurin ne kaɗai ba ni sa wa gishiri, don ba ni ma ba da shi.

To bana ga fari ya dawo. Mun yi shuka ta ƙone, mun sake ta ƙone, an fita roƙon ruwa muna dai jiran rahamar Allah. Gulbi ya ƙafe, samari sun tono tsohuwar sana'armu, har jefa hular, kututturen ma yana nan bai je ko'ina ba. Ɗana Maliki, mai kabu-kabu tsakanin Isa da Sabon Birni, ya shiga cikinsu. Abokanshi na kiranshi ɗan Sai-an-tura. In ya zo tasha sai su kama bayan mashin ɗinshi suna turawa suna ihu, su ce gado ne. Yanzu ya ci alwashi gabansu cewa ran kasuwa shi za ya fara isa giginya, ko mi za ya faru.

Uwarshi ta ce in hana shi da bakin uba, in ya ƙi in ƙwace makulli. Ta ce in ta ji na koya mishi ko riƙon birki ne, in nemi mai tuƙa mini tuwo. Ni kuwa na san in na hana, za ya tafi a ɓoye da zuciya, ba wanda ya gaya mishi abin da ke jiranshi. In na koya mishi dabarata ta jinkiri, na sa wa tseren albarka ke nan, kuma ita dabarar ce yake jin kunya. Abin da ya fi ba ni haushin kaina, jiya da na ji ƙarar mashinansu daga gulbi sai na ji ƙafata ta dama na neman kik. Malam, mi za ni yi? Na ɓoye sunana, ko da yake duk ƙasar Isa ba wanda bai gane ni ba.

Naka, Sai-an-tura, daga Kamarawa.

Wa alaikumus salam, Malam Sai-an-tura. Wasiƙarka ta sa ni dariya, har sai da na iso kan sandar Kalilu.

Mu fara da Tasalla. Tana da gaskiya. Tsere a kan yashi ba hular kwano, kuma da mashin ɗin da gida ke ci da shi a shekarar da gona ba ta ba da komai ba, ba uwar da za ta yarda. Kada ka yi komai a bayan idonta. Sai dai ƙwace makulli ba zai yi magani ba. Aboki zai ara masa wani mashin da bai saba da shi ba, ka ga an ƙara haɗari.

Maliki ma yana da tasa gaskiyar. Ba zakara yake nema ba, sunan nan yake son sauke wa kansa. Labarin da kake bayarwa a majalisa a yi dariya, shi ake bi da shi tasha. Kuma rabin labarin kawai ya taɓa ji daga bakinka.

Don haka kafin ran kasuwa ka ɗauke shi ku taka da ƙafa zuwa giginyar, ka roƙi Kalilu ya raka ku. Maliki ya sa ƙafarsa a yashin ya ji yadda take nutsewa. Ka nuna masa inda ka faɗi. Kalilu ya yi magana, kai kuwa ka bar barkwancinka a gida. Sannan ka gaya masa ƙarara cewa ba ka son ya shiga, mahaifiyarsa ma ba ta so. In ya haƙura, alhamdu lillahi. In ya dage, kada ka bar shi ya tafi a jahilce: ya sa hular kwano, ya bar ƙura ta yi gaba, ya gama taka birki tun mashin yana miƙe, kafin ya karya kwana. Koya wa ɗa yadda zai dawo gida da ƙafafunsa ba sa wa tsere albarka ba ne. Ka gaya wa Tasalla haka tun kafin ku fita.

Bayan wannan, kai da Kalilu ku sami shugaban 'yan kabu-kabu da mai gari. In ba za a hana tseren ba, a daina sakin kowa da hula guda. A sake su bibbiyu, ko a mai da kwanar farko inda ƙasa ke da faɗi. Ku biyu kun fi kowa ikon faɗin wannan. In aka yi haka, alwashin Maliki ya faɗi da kansa, ba tare da ya ji kunya ba.

Ƙafarka mai neman kik kuwa kewar ƙuruciya ce, ba laifi ba ne. Ka dai bar ta cikin takalminta.

Abu na ƙarshe: ka riƙa leƙawa tashar nan. Duk ran da samari suka ɗaga murya suka ce Sai-an-tura, ka riga Maliki amsawa, da ƙarfi, da giɓinka a waje. Sunan naka ne, da haƙoranka ka same shi, ba ka ce ka bar wa kowa gado ba.

Allah ya tsare Maliki, ya kwantar da hankalin Tasalla, ya saukar muku da ruwa mai albarka har gulbi ya cika ya rufe kututturen nan.

Malam Wakili