Awon Rijiyoyinki

Malamata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Mama? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya ba ki ladan jinya. Yara lafiya lau, sai kewarki.

Sau uku ina ɗaukar waya in ajiye, shi ya sa na koma takarda. Kin tuna ranar da kwamfutarki ta falo ta cika, kika ce in buɗe baƙin allon nan da ake rubuta mata umarni? Layi biyu kika karanto mini ta waya: na farko in shiga jakar tsofaffin hotuna, na biyu in goge duk abin da ke ciki. Na rubuta na farko, sai ta mayar mini da wani ɗan rubutu. Ban karanta ba, hankalina yana kan rigar da na bari a kan keken ɗinki. Na zarce na rubuta na biyu. Ashe cewa ta yi ba ta ga jakar ba, wato ina nan inda nake, cikin jakar aikinki.

Ko tambayata ba ta yi ba. Ni da mai kaya zai ce in yanka yadi, sai na tambaye shi sau biyu kafin almakashi ya taɓa. Ita kuwa goge komai kawai ta yi, kamar an aiki yaron kirki.

Awon ruwan rijiyoyinki na shekara biyu, wanda digirinki ya dogara a kansa, babu shi. Mai gyara ya duba, ya ce da na kashe ta nan take da an tsira da wani abu, ni kuwa kwana uku yara suna kallon fim a kanta. Wallahi kunya ta hana ni cin abinci. Ki yafe mini, ko ki yi faɗan, duk na cancanta.

Mijinki,
Tela

Malamata,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama. Amsarki ta iso. Da kin zage ni da ya fi mini sauƙi a kan wannan "ba komai" da hawaye ya jiƙa.

To saurara. Kin sha yi mini dariya wai ko kaza na gani sai na rubuta awonta. Duk Asabar ɗin da na kai ki bakin rijiya a babur, kina kiran lambobi kina shigarwa, ni ma ina rubutawa a littafin awona, don hannu ya saba. Jiya na zazzage akwatin shago. Littafi bakwai! Ga zurfin rijiya tsakanin kafaɗar wani direba da ƙugun wani ango, har da kwanan wata.

Na fara shigar da su da yatsa biyu. Yanzu duk abin da allon ya ce sai na karanta da ƙarfi, kuma kowace yamma ina kwafewa wuri biyu.

Wata ashirin da uku na samu. Ɗaya ne babu, watan da muka yi faɗa na ce ki nemi mai kai ki, kika riƙa tafiya ke kaɗai a motar haya. Na juya shafukan watan nan, riguna ne kawai da wanduna. Wannan kam ba zan ɗora wa kwamfuta ba. A kansa nake neman gafara fiye da na farko.

Ki dawo lafiya, babur yana nan yana jiranki.

Naki har kullum,
Tela