Kwakwar da Aka Shuka Kan Cibiyarka

Zuwa ga taubashina Ilaitia,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka Salanieta da jaririyar da Allah ya ba ku. Allah ya raya ta, ya kuma tsare ta daga gadon kunnuwanka. Mu nan tsibiri kowa lafiya lau. Rogo ya yi kyau bana, kifi ya dawo bakin duwatsun murjani na cikin teku, ni kuma ina nan ina jigilar baƙi a kwalekwale, daga kogon ruwa zuwa tudun rairayin nan da ke nutsewa in teku ya cika. Kana can Ostareliya kana tsinkar lemun mutane, masu lemun kuwa suna nan Fiji suna gasa bayansu a rana a ƙofar gidanku.

To, ga dalilin takardar. Kwakwar da aka shuka a kan cibiyarka ranar da ta faɗi ta zama shahararriya, har ta fi ka suna. Ka san ta daɗe da karkata kan ruwa. Bara masu otal suka ɗaura mata lilo, yanzu ba baƙon da ke barin tsibiri bai ɗauki hoto a kai ba. Sai dai igiyar ruwan watan jiya ta cinye ƙasar gindinta, saiwoyi duk sun fito waje. Manajan otal ya je wurin dagaci da ladabinsa, ya roƙi a sare ta kafin ta faɗo wa ɗan mutane. Gaskiya bai yi laifi ba, ni ma in na biyo ta ƙarƙashinta sai na ƙara wa inji wuta.

Dagaci ya kusa amincewa, sai labari ya kai kunnen mahaifiyarka. Kai, ka san Goggo Unaisi! Da gari ya waye ta ci ado da rigarta ta zuwa coci, ta tafi ta haye lilon ta zauna daram. Samarin da aka turo da gatari suka yi cirko-cirko. Ta tambaye su wa ya yanke musu cibiya in ba ita ba, ta ce duk wanda ya manta ya matso ta tuna masa. Suka juya sumul. Yau kwana goma sha biyu ke nan, can take shan shayinta, can take saƙar tabarma. Baƙi sun ɗauka cikin shirin otal ne, suna bin layi su yi hoto da ita, ita kuma tana yi musu faɗa su gyara tsayuwa. Wani dattijo har ya nemi ya tura mata lilon, ta ce ya je ya tura matarsa.

A ƙarshe aka zauna gidan dagaci. Goggo ta ce itacen cibiya ba na otal ba ne, ba na dagaci ba, ba ma nata ba. Mai shi ne zai fara sa gatari da hannunsa, ya kuma zo da cibiyar 'yarsa a binne ta can kan tudu da sabuwar kwakwa. Aka ba kwakwar wa'adi zuwa Kirsimeti, aka kewaye wurin da igiya. Don haka ku adana cibiyar yarinyar, kada ku yar, kada kuma ka yi mini wayon aiko ta ta gidan waya.

Yanzu bari in ajiye wasa, taubashi. Jiya na kai wa Goggo kifi, na ce ta bar zama wurin nan don ina tsoron kwakwar ta faɗo da ita. Ta yi dariya, ta ce ai ta fi kowa sanin kwakwar ta gama kwananta. Ta ce shekara shida tana cewa ka zo kana cewa baɗi, to yanzu ta sami maganar da ba za ka ce baɗi ba. Ta hana ni rubuta maka wannan, ga shi na rubuta. Ta tsufa, Ilaitia, ni nake riƙe hannunta ta hau lilon, kuma ba za ta daina hawa ba sai ta ga ranar zuwanka a rubuce.

Baba Semiti yana gaishe ka, haka Makelesi da yara. Ka gaishe mini da Salanieta da kyau, ka sumbaci jaririya. Aiko da ranar, in sauko da mahaifiyarka.

Naka taubashi,
Jolame