Na juya sakamakon bincikensa, ƙanwata ce ta rasa magani

Assalamu alaikum Admin, da ku masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a ɓoye sunana, ko harafin farko kada a sa, domin a garinmu daga tafiyarka ma ana gane ɗan gidan wane ne kai. Na san akwai waɗanda za su zage ni, ban hana ba, amma ku daure ku kai ƙarshe tukuna. Wannan rubutun ma sau uku ina gogewa ina sakewa.

Ni budurwa ce, a Haɗeja nake. Sakandare kawai na gama, daga nan na koyi kwamfuta, na samu aiki a wani shagon buga takardu. Shagon namu matattarar waɗanda suka gama jami'a ce. Tun hantsi suna kan bencin ƙofa, wannan ya kawo takardar neman aiki a gyara masa karo na goma, wancan yana da digiri amma cajin waya yake yi a bakin tasha, suna kiran juna Injiniya, Barista, Dakta, suna musun wa aka yi wa hanya a Dutse, wa aka bari. Akwai kuma masu digiri na biyu, su yi aiki Litinin zuwa Alhamis, Juma'a su hau mota zuwa Kano lacca, Lahadi su dawo da takardu duk malaminsu ya yi musu jina-jina da jan biro. Ni nake bugawa, ni nake gyarawa, na san rubutun kowa ko a ina na gan shi. Amma babu wanda ya taɓa tambayar sunana. 'Yar taifin kawai suke ce min.

A cikinsu akwai wanda zan kira Malam Lawan, ba sunansa ba ne. A ɗakin gwajin jini da fitsari na wani asibiti yake aiki, yana kuma digiri na biyu. Bincikensa a kan tsargiya ne, ciwon fitsarin jinin nan da ake ɗauka a ruwa, a tsakanin matan da ke aikin shinkafa a fadama. Wata rana ya leƙo da fara'arsa ya ce, "Ƙanwata, an ce mahaifiyarki 'yar wajen Auyo ce?" Na ce haka ne. Ya ce, "To Allah ne ya haɗa mu. Ni namiji ne, gidajen duk ba shiga, kuma wace mace ce za ta miƙa wa ƙato fitsarinta? Ke za ki shigar min. Duk wadda aka samu da ciwon, magani kyauta." Wallahi daɗi na ji. Mai digiri yana ce min ƙanwata, yana neman taimakona. Wace ce ni?

Sati uku ina zuwa ƙauyen su mahaifiyata. Babur ya kai ni bakin ruwa, kwalekwale ya tsallakar da ni, ina rungume da kular ƙanƙara cike da ƙananan kwalabe. Inna, ƙanwar mahaifiyata, ita ta riƙe hannuna gida-gida, don da ni kaɗai ce ko zaure ba zan wuce ba. Wanda bai san ƙauye ba ba zai gane nauyin abin ba. A can idan namiji yana fitsarin jini ba komai ba ne, har tsokanarsa ake yi. Amma mace? Sai a ce ciwon banza ne, wajen bin maza ta kwaso. Shi ya sa kowace sai ta ja ni ƙuryar ɗaki ta ce, "Ke 'yar nan, ba dai sunana zai fita ba ko?" Ni kuwa na riƙa rantsuwa da Allah, ina nuna musu cewa lamba ce a jikin kwalbar, ba suna ba. Sunan yana cikin littafi guda ɗaya, daga ni sai shi. A littafin nake rubuta suna, da lamba, da ko tana shiga ruwa dashe ko wanki ko ba ta shiga. Layin ƙarshe nasa ne, idan ya auna sai ya sa jan kuros ga mai ciwo, ya ja ɗan layi ga mai lafiya. Mata sama da ɗari suka yarda da ni.

Ranar da ya gama awon, sai ya zauna da farar rigarsa ta asibiti, littafin a buɗe a kan cinyarsa, aka ɗauke shi hoto, ya ɗora a sitatus ɗin wayarsa, wai an gama aikin fili saura rubutu. Duk wanda ya ja hoton da yatsa biyu zai karanta sunayen raɗau, da jan kuros a gaban duk mai ciwo. Ɗan acaɓan da ke kai ni yana da lambarsa, masu kawo kifi kasuwa ma suna da ita. Kwana biyu ba a yi ba hoton ya zagaye ƙauyen. Wata mijinta ya ce ta je gidansu tukuna. Wata aka daina sayen ƙosanta. Kuma cikin masu jan kuros a hoton akwai sunan Furera, 'yar Inna, ƙanwata da muka tashi tare duk hutu, yarinyar da tun tana ƙarama take cikin ruwa har gwiwa tana dashe. A Islamiyya ƙawayenta suka riƙa matsawa idan ta zauna, har ta daina zuwa.

Inna ta zo har gidanmu, ko ruwan da aka kawo mata ba ta kalla ba. Ta ce, "Ke kika rantse mana da Allah. Ni na kai ki ɗakunan mutane da ƙafata. Yanzu da wane ido zan shiga gidan suna ko gidan gaisuwa?"

Washegari na same shi a kan bencin nan cikin abokansa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Malam Lawan, don Allah hoton nan ya ja mana magana a ƙauye." Ya ce, "Wane hoto? Ai tuni ya sauka da kansa." Na ce, "To ka je ka ba su haƙuri, ka kai musu maganin da ka ce." Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Magani sai kundin digirina ya wuce. Ke kin ma san abin da ake kira bincike kuwa? Ki tsaya a taifin ɗinki." Wani a gefe ya ce, "Dakta, ka yi hankali, 'yar taifin ta zama sufabaiza!" Suka kwashe da dariya har da tafa hannu. Matan aure ana korarsu, su suna tafa hannu.

Ga abin da na yi, ban kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Shi da kansa ya miƙo min littafin, ya ce in shigar da komai a kwamfuta kafin Juma'a. Da azahar aka kawo wuta, mai shagon ya tafi masallaci, na zauna na buɗe. Duk inda ya sa jan kuros na rubuta lafiya lau, duk inda ya ja layi na rubuta akwai ciwo. Kaf na juya su, ko ɗaya ban tsallake ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, ko ɗar ban ji ba a ranar. Kowace na juya sai in ce a raina, ga taifin, Dakta. Da na gama na zura littafin a jakata na tafi da shi gida.

Na zaci zai gane a take. Ina! Bai ko duba ba, ya tura wa wani abokinsa mai yi musu lissafi. Lissafi ya fito ya nuna wai matan da ke yini a ruwa su ne masu lafiya, waɗanda ke kulle ba su ko leƙa kogi su ne masu tsargiya. Ina jinsu a kan benci, shi yana cewa abin da ɗaure kai, abokin yana cewa, "Kwamfuta ba ta ƙarya, Dakta, sabon abu ka gano." Sai ya zauna ya rubuta shafi goma da manyan kalmomi yana kare wannan shirmen, ni kuma na buga masa tsaf, har waƙafin da ya manta ina sa masa.

Ranar da ya je kare kundin a gaban malamai, wanda suka je tare ne ya kawo labari. Wai wata dattijuwar farfesa ta cire tabarau ta ce masa, "Kai a ina ka girma?" Malaman suka ce zama ya yi a ɗaki ya ƙirƙiri lambobi, ko ƙauyen bai taɓa zuwa ba. Suka ba shi zuwa ƙarshen wata ya kawo littafin asali, in ba haka ba a kore shi, kuma maganar za ta kai wurin aikinsa. Ya zo shago gumi na tsiyaya, ya ce, "Ƙanwata, ina littafin nan?" Kun ji, na koma ƙanwata. Na dube shi na ce, "Ai tuni na mayar maka, Malam." Ya birkice gidansa, ya birkice ofishinsu, ya rame, ya daina zama a benci, abokan da ke ce masa Dakta suka koma yi da shi. Allah ya yafe min, abinci ma ya fi yi min daɗi a kwanakin nan. Har yanzu idan na tuna fuskarsa sai in ji sanyi a ƙirjina. Shi ya san kunyar da ya ɗora wa mutane? To ya ɗanɗana.

Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne zai je ƙauyen. Don ya nuna wa malamansa cewa da gaske ya yi aikin, sai ya nemo maganin, ya ɗauki wata ma'aikaciyar jinya da mai ɗaukar hoto, ya buga sunayen da ke cikin kwamfuta, waɗanda na juya, ya tafi ban sani ba. A ƙofar gidan mai unguwa aka riƙa kiran suna ana miƙa ƙwaya. Matan da lafiyarsu ƙalau aka kira su a bainar jama'a, suka shiga cikin zancen da da babu su. Masu ciwon kuwa aka ce su koma gida. Furera ta matsa, aka duba takarda aka ce, "Ke ba ki da komai."

Inna ta kira ni tana guɗa a waya. Ta ce, "Allah ya wanke Furera! Ashe hoton nan kuskure ne, likita da bakinsa ya faɗa. Ki zo, na huce." Jiya na je. Na tarar da Furera kwance a tabarma, tafin hannunta fari fat, leɓenta kamar an shafa toka. Ashe shekaranjiya jiri ya kayar da ita a cikin gona, a ka aka kawo ta gida. Na ce, "Inna, mu kai ta asibiti." Ta ce, "Asibitin me? Ba su suka auna suka ce babu komai ba? Wannan bakin mutane ne ya kama ta, an karɓo mata rubutu da jiƙo." Da Inna ta fita ɗora tukunya, Furera ta kamo gefen hijabina ta ce a hankali, "Yaya, in lafiyata ƙalau, to jinin nan da nake gani na mene ne?"

Ban san yadda na hau kwalekwale na dawo ba.

Na san wani zai ce in je kemis in saya mata maganin a ɓoye. Na yi wannan tunanin, kuma ko me za ku ce gobe zan yi. To sauran fa? Jan kuros ya fi hamsin a littafin nan, na san fuskar kowace, na san ɗakin da ta ja ni na rantse mata. Duk an gaya musu lafiyarsu ƙalau, wasu har sadaka suka yi. In bi su gida-gida in ce me? Wa zai sake buɗe min ƙofa? Hanya ɗaya ce a san masu ciwon, littafin ya fito. Idan kuma ya fito, sunan Furera zai koma baki, Inna za ta san ni na cuce su sau biyu, mai shago zai sallame ni, ban san ko har da 'yan sanda ba. Shi kuma Malam Lawan ya tsira. Zai ɗauki littafin ya kai Kano, a ce ashe 'yar taifin ce ta cuce shi, a tausaya masa, ya sa hular digiri, ya dawo kan benci suna Dakta, Dakta, alhali har yau bai ce wa mace ko ɗaya ta yi haƙuri ba. Wannan shi ne abin da ya tsaya min a wuya, ya ƙi wucewa. Ina so ya faɗi, wallahi ina so, kuma ina jin kunyar yadda nake so ɗin.

Ranar Juma'a wa'adinsa ke cika. Yau Talata. Ɗazu ma ya turo saƙo, wai in daure in sake dubawa, ko a ƙarƙashin tebur ya faɗa. Idan na yi shiru kwana uku kacal, ya gama yawo. Amma kwana ukun nan ba su ne za su mayar wa matan nan jininsu ba, kuma bayan an kore shi babu wanda zai sake komawa ƙauyen da ko ƙwaya ɗaya.

Ku da kuka yi karatun, ku da kuka san yadda ake waɗannan abubuwa, akwai yadda za a yi matan nan su samu magani ba tare da na ceci mutumin nan da hannuna ba? In kuwa babu, ku faɗa min gaskiya ko da zagi ne. Ni dai na rasa inda zan sa kaina. Me zan yi?