Kujerar Monrobiya

Litinin, 3 ga Nuwamba

Farfesa Ankrah, shugaban gidanmu, ya ɓata min rai tun da safe. Wai za a kai wa kafinta kujerar Monrobiya ya kankare sunan, ya sassaƙa Lome. A taron malamai ya faɗa yana kurɓar shayi, kamar zancen canza labule. Na ce, "Farfesa, gidan da yaƙi ya ƙone, kai kuma za ka ƙarasa shi da hannunka?" Ya ce, "Dakta Araba, zauna mana, ai katako ne." Katako! Ban zauna ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Ni aka ɗora wa rubuta tarihin Ƙungiyar Gidaje Bakwai saboda bikin cika shekara sittin, ga shi na kasa wuce shafin farko. Me zan ce? Gidajen kwanan ɗalibai bakwai a jami'o'in ƙasashe bakwai suka yi alkawari, duk ɗan gida ɗaya da ya buga ƙofar wani yana da gado da abinci. Kowane zauren cin abinci aka sa masa kujeru bakwai masu suna, ranar liyafar shekara baƙon kowane gida ya zauna a tasa. Tun da na Monrobiya ya ƙone ba mai zama a tasu, sai dai mu miƙe mu yi shiru kafin a ci. Ibadan sun ɗauke kujerar Monrobiya daga zaurensu, Kampala ma haka. Mu kaɗai muka rage a Gidan Odum na Kep Kos, yanzu mu ma za mu bi sahu don Lome ta shigo a cike bakwai. Abin kunya.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Korto za ta zo bikin. Bari ta zo ta gani da idonta.

Na tuna ranar da ta sauko daga jirgin ruwan 'yan gudun hijira da jakar leda ɗaya. A bakin ƙofa ta ce, "Ni 'yar gidan Monrobiya ce," aka buɗe mata, ba wanda ya nemi takarda. Gadona muka raba har muka gama karatu, ga minshari, ga cinye min kifi. A lokacin Ankrah yana Turai yana koyon ɗaure wuya. Me ya sani?

Talata, 11 ga Nuwamba

Ankrah ya gaishe ni a baranda. Na duba agogona.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Na ja kujerar zuwa ofishina na kulle. Gwiwata tana ta zugi. Duk mai so ya fasa ƙofa.

Juma'a, 14 ga Nuwamba



Korto ta iso da rana, ta yi ƙiba, ta yi furfura, bakin nan dai yana nan. Na saya mata kenke, tuwon masarar nan namu, da soyayyen kifi, na zayyana mata komai ina jiran ta tashi mu je mu ci wa Ankrah mutunci tare. Sai ta suɗe yatsa ta ce, "Ke 'yar Fante, ai mu muka roƙe shi."

Na ce su wa?

"Mu tsofaffin 'yan gidan da muka rage. Duk shekarar da na zo nan sai ku miƙe ku sunkuyar da kai, ni kuma a ajiye ni can gefe kamar fatalwa. Ina raye, Araba, ina da jikoki, ina da ciwon suga. Na gaji da zuwa jana'izata."

Na ce to waɗanda ba su fito daga wutar ba fa? Ta ce, "Ni na san sunayensu, ke katako kika sani."

Na ce ta fita min daga ofis. Ta fita, har da sauran kifin.

Ni da nake ta faɗa dominta. Ni da na hana a ɗora ko faranti a kujerar nan tun ina ƙaramar malama. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yau ba.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Ta zo ta tsaya a ƙofata tana bugawa da takalmi har na buɗe. Ta ɗora kujerar a ka, mace mai jikoki, ta ratsa tsakar gida ɗalibai suna tafi. A wurin liyafa, daidai lokacin miƙewa, ta kamo hannun Madam Ayele, shugabar gidan Lome, ta ce, "Zauna 'yar uwa, ba ta cizo." Matar ta zauna a ɗarare. Ni kaɗai na miƙe, cikin baƙar rigar jami'a, cokula suna ta ƙara. Na yi shiruna har ya cika. Ba wanda ya ce in zauna, ko Ankrah.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Korto ta tafi. Ban raka ta tasha ba.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Kafinta ya gama. Aikinsa ba laifi, sai dai ba zan faɗa masa ba.

Madam Ayele tana nan har ƙarshen wata tana koyon yadda muke tafiyar da gida. Yau a teburi ta tambaye ni, cikin Turancinta mai ɗingishi, su wane ne suka zauna a kujerar kafin ita. Na so in ce ta tambayi Ankrah. Ban san yadda aka yi ba har abinci ya huce ina ba ta labari, tana ta maimaita sunayen don kada ta manta. Na miƙa mata yaji. Yaji kawai na miƙa.

Korto ta kira da yamma. Na bar wayar ta yi ta kuka, sannan na ɗauka na ce, "Me kuma?" Ta ce, "Kin ci abinci?"